Wai da gaske waya tana sauraren hirarmu ta turo mana talla?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar waya da ke wannan zaure. Maganar ta yi yawa a gari: ana zaune a majalisa ana hirar sola da batirin inbata, ko mata suna lissafin kayan lefe, babu wanda ya rubuta komai a Google, amma kafin isha'i sai tallar abin ta fito wa wani a Facebook ko Instagram ko TikTok. Wasu sun ce makirfon waya a buɗe yake dare da rana, kamfanoni suna naɗar magana suna sayar wa masu talla. Wasu sun ce zato ne kawai. Har akwai masu kai waya wani ɗaki in za a yi zancen kuɗi ko na iyali.

Shin an taɓa kama wani kamfani da hujja? In ba sauraro ake yi ba, ta ina talla take sanin abin da aka tattauna? Sannan mai Tecno ko Infinix ko itel, ina zai shiga ya duba da idonsa? Don Allah a yi mana bayani dalla-dalla.

Injiniya Ɗanjuma

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Maganar nan ba a bar ta a musu ba, an sha sa wayoyi a ɗakin gwaji.

A 2018 masu bincike na Jami'ar Northeastern da ke Boston a Amurka sun ɗauki manhajojin Android sama da 17,000, suka riƙa kunna su suna bin diddigin duk abin da ke fita daga wayar zuwa intanet. Ba su samu ko guda da ta buɗe makirfo a ɓoye ta aika sauti ba. Abin da suka ci karo da shi daban ne: wasu manhajoji suna ɗaukar hoto ko bidiyon fuskar wayar su aika wa wani kamfani. Wadda ta fi fitowa fili ita ce GoPuff, manhajar kai kaya gida, da take tura bidiyon abin da mutum yake taɓawa a cikinta ga kamfanin Appsee. A 2019 kuma kamfanin tsaron waya mai suna Wandera ya ajiye iPhone da Samsung a ɗaki yana kunna musu tallar abincin karnuka da kyanwoyi na minti 30, ya maimaita a ɗakin da babu sauti, har kwana uku. Tallar abincin dabbobi ba ta biyo baya ba, cin data da na batir ma bai nuna wani bambanci ba.

Facebook ya musanta zargin tun 2016, Mark Zuckerberg ma ya musanta a gaban 'yan majalisar dattawan Amurka a watan Afrilun 2018. Musun kamfani ba ya gamsar da kowa, don haka mu yi lissafi da kanmu.

Sauti mai inganci irin na saƙon murya yana cin kamar kilobit 16 a daƙiƙa, wato kilobayit 2. A minti ɗaya 120KB ke nan, a awa 7.2MB. In waya tana naɗar hira awa 10 a yini tana aikawa, 72MB ne kullum, sama da 2GB a wata. Mutumin da ke sayen data ta kwana ɗaya ko ta mako yana ƙirga kowace MB, ba za a zuƙe masa 2GB bai farga ba. Kuma Android da kanta tana raba lissafin kowace manhaja gida biyu, abin da ta ci tana buɗe da abin da ta ci a bayan fage.

Mai hankali zai ce: to in wayar ce da kanta take mayar da maganar rubutu, ta aika kalmomin kawai fa? Tambaya ce mai ƙarfi. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna mutum yana furta kalmomi wajen 16,000 a yini, a rubuce kuwa wannan bai fi 100KB ba, zai wuce babu wanda ya lura. Matsalar tana wajen wuta. Mayar da magana rubutu aikin babbar ƙwaƙwalwar waya ne, in ta yi shi wuni guda wayar za ta yi zafi a aljihu, caji ya ƙare kafin la'asar. Abin da waya ke iya yi ba tare da cin batir ba shi ne jiran kalma ɗaya ko biyu, irin “Hey Google” da “Siri”. Akwai ƙaramin sashe mai cin wuta kaɗan da aka ware wa wannan aiki, yana riƙe sautin 'yan daƙiƙu yana gogewa, sai ya ji abin da ya yi kama da sunan sannan ya tayar da sauran wayar. Kamar maigadi ne da aka ce kada ya buɗe ƙofa sai ya ji sunan maigida. Wannan sashe a hannun kamfanin wayar da tsarinta yake, Facebook ko TikTok ba su da mabuɗinsa.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Hirar majalisa da Hausa ake yin ta, mutum biyar suna magana lokaci guda, ga janareta, ga ƙarar babura. Sai a ƙarshen 2024 Google ya saka Hausa cikin harsunan da ake iya yi wa bincike da murya, Siri, mataimakiyar murya ta iPhone, kuwa ba ta jin Hausa. Alhali ƙorafin “waya ta ji mu” ya girmi wannan da shekaru.

Sai katangar da tsarin waya ya gina. Tun Android 6, a 2015, manhaja ba ta taɓa makirfo sai ka ba ta izini. Tun Android 9, a 2018, manhajar da ke bayan fage ba ta samun sauti, sai in ta rataya sanarwa a saman waya cewa tana aiki. Daga Android 12, a 2021, duk lokacin da makirfo ko kyamara ta buɗe, ɗigo kore yana fitowa a kusurwar sama ta dama. A iPhone tun iOS 14, a 2020, ɗigo ruwan lemo na makirfo ne, kore na kyamara.

Abin da ya kamata ya dami mutane shi ne cewa kamfanonin ba su buƙatar kunnenka. Kowace waya tana da lambar talla, doguwar lamba da manhajoji ke iya karantawa. Yawancin manhajojin kyauta, daga wasanni har na gyaran hoto, suna ɗauke da ɗan guntun shiri na Google ko Meta (kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp) ko wasu dillalan talla, wanda ke aika lambar nan tare da irin wayarka, layin da kake amfani da shi, garin da kake, da abin da ka yi a manhajar. Shafukan intanet ma haka. Duk lokacin da gurbin talla ya buɗe a wayarka, ana yin gwanjonsa cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, a aika bayaninka ga masu saye da yawa, wanda ya fi tayi ya ci. Wanda bai ci ba ma ya riga ya ga bayanin.

Kuma a nan an kama su da hujja. A watan Yunin 2025 masu bincike daga IMDEA Networks ta Sifaniya, Jami'ar Radboud ta Holan da KU Leuven ta Beljiyam sun nuna cewa manhajojin Facebook da Instagram a Android suna buɗe wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin wayar, shafin da ka shiga a burauza ya riƙa miƙa musu bayani ta nan, su haɗa shi da asusunka. Ko a yanayin sirri na burauza kake, abin yana aiki. Meta ya fara haka a Satumbar 2024, Yandex na Rasha tun 2017, kuma Meta ya daina a daidai lokacin da rahoton ya fito. Mutanen da suka iya tono wannan, da akwai sauti yana fita da sun fi kowa murnar bayyana shi.

Maman Nawal

Injiniya ya yi bayanin cikin waya. Bari in kawo ɓangaren mai sayen talla, domin duk wanda ya buɗe Ads Manager, wato shafin sayen talla na Meta, zai ga zaɓin da ake ba shi, kuma babu “masu hirar kaza” a ciki.

Mai sayar da sola a Kano yana iya dasa alama a taswira ya ce a nuna tallarsa ga duk wanda ke cikin kilomita 1 zuwa sama daga wurin, maza 'yan shekara 28 zuwa 55. Shi ke nan, duk 'yan majalisarku kun shiga ragarsa lokaci guda. Zafi ya tsananta a watan Afrilu, wuta ta yi ƙaranci, ku kuna hirar sola saboda haka, shi ma ya ƙara kuɗin talla saboda haka. Dalili ɗaya ne ya haifi hirar da tallar. Haka tallar raguna kafin babbar sallah, ta shadda da atamfa cikin azumi, ta kayan makaranta a watan Satumba.

Hanya ta biyu ta fi wannan kaifi. Mai shago yana da lambobin wayar kwastomominsa. Yana iya loda su, a mayar da kowace lamba wata alama ta lissafi, Meta ya gwada da lambobin da ke kan asusun jama'a, wanda ya dace ya shiga jerin waɗanda za a nuna wa talla. Daga nan sai ya ce a nemo masa masu kama da su. Mutum 100 daga ƙasa ɗaya sun isa a fara, kuma yana zaɓar kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari na masu amfani da dandalin a ƙasar, waɗanda ɗabi'unsu suka fi kusa da na kwastomominsa. In aminanka uku sun sayi inbata a wajensa, kuna bin shafuka iri ɗaya, kuna unguwa ɗaya, shekarunku ɗaya, ai ka yi kama da su.

Ta uku ita ce wadda mutane suke mantawa sun yi. Wanda ya shiga shafin mai kaya, ana iya bin sa da talla har kwana 180. Wanda ya kalli bidiyo na daƙiƙa 3 kacal, ana iya ware shi a jeri na musamman. Ba sai ka danna ko ka yi sharhi ba, tsayawar da yatsanka ya yi a kan bidiyon akwatunan lefe ta isa. Mutum zai rantse bai taɓa neman abin ba, kuma gaskiya ya faɗa, bai nema ba, tsayawa ya yi. Sau da yawa ma tsarin a juye yake: tallar ta wuce ta gabansa shekaranjiya bai ankara ba, ita ta jefa masa zancen a baki, yau da ya sake ganinta sai ya ɗauka hirar ce ta jawo ta.

A maganar lefe kuwa, wa ya ce babu wanda ya rubuta? Ƙanwar ango ta tambayi farashi a Instagram, amarya ta bi shafukan masu kayan ɗaki guda goma, an yi ta danna tallar da ke kai mutum WhatsApp ɗin mai kaya. Dangin nan duk abokan juna ne a dandalin, lambobinsu suna wayoyin juna kuma an loda su, wasu a hotspot ko MiFi ɗaya suke hawa. Abin da ke cikin saƙon WhatsApp a kulle yake tun 2016, kamfanin ba ya karanta shi, amma ya san wane ne ya danna wace talla.

Sannan a duba yawan tallar da ke wucewa ta gaban mutum a mako. Wadda ba ta dace da hira ba, babu mai tuna ta. Guda ɗayan da ta dace ita ake ba da labarinta shekara guda.

Akwai batun riba ma. A wata ukun ƙarshe na 2023, Facebook ya bayar da rahoton samun dala 68.44 a kan kowane mai amfani da shi a Amurka da Kanada, amma a rukunin da Afirka take ciki dala 4.50 ne. Babu ɗan kasuwar da zai kashe kuɗin naɗa da fassara hirar mutum ta wata uku don dala huɗu da rabi, alhali yana da hanyar da ta fi araha kuma ta fi dacewa.

Abu ɗaya sabo da ya kamata a sani: Meta ya sanar cewa daga 16 ga Disamban 2025, abin da mutum ya tattauna da Meta AI, wato mataimakiyar da ke amsa tambayoyi a cikin manhajojinsa, a rubuce ko da murya, zai shiga cikin abin da ake zaɓa masa talla da shi a yawancin ƙasashe. Wanda ya tambaye ta farashin sola da bakinsa, kada ya yi mamaki.

Mai Gyara

Ranka ya daɗe Injiniya, Hajiya Maman Nawal, na yarda da mafi yawan abin da kuka faɗa, amma kada Baban Khalifa ya tashi da fahimtar cewa makirfo bai taɓa cin amana ba. Ya ci, kuma a rubuce yake.

Binciken Northeastern na'ura ce ta riƙa danna manhajojin, ba mutum ba, kuma su kansu masu binciken ba su ce abin ba zai yiwu ba, sun ce ba su gani ba. Gwajin Wandera kuma wayoyi kaɗan ne.

A 2016 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta gargaɗi masu manhajoji 12 kan shirin SilverPush, wanda ke sauraron wani siririn sauti da kunnen yawancin manya ba ya ji, ana cusa shi a tallar talbijin don a gane wace waya ce ke ɗakin. A 2017 masu bincike a Braunschweig ta Jamus sun samu shirin a manhajojin Android 234. A ƙarshen shekarar jaridar New York Times ta bayyana cewa wasanni sama da 250 suna ɗauke da shirin Alphonso, mai sauraron abin da ake kallo a talbijin don a daidaita talla. A 2019 hukumar kare bayanai ta Sifaniya ta ci manhajar La Liga tarar yuro 250,000, saboda tana buɗe makirfon magoya baya don gano gidajen kallon da ke nuna wasa ba lasisi. Waɗannan ba fassara hira suke yi ba, zanen sautin suke ɗauka su gwada da wanda suka ajiye. Amma makirfo ne aka buɗe, kuma izinin da mutane suka danna ba su karanta ba aka fake da shi.

Maigadin da Injiniya ya ambata ma yana kuskuren jin suna. A 2019 gidan labarai na VRT a Beljiyam ya samu naɗin Google Assistant, mataimakiyar da ake kira da “Hey Google”, sama da 1,000 daga hannun ɗan kwangila, 153 daga ciki babu wanda ya kira ta. A shekarar ce jaridar Guardian ta bayyana cewa 'yan kwangilar Apple suna jin naɗin Siri, har da zancen asibiti da na cikin ɗaki. Apple ya nemi afuwa, kuma a farkon 2025 ya amince ya biya dala miliyan 95 don kashe ƙarar, ko da yake bai amsa laifi ba, ya kuma ce bai taɓa amfani da naɗin don talla ba. Sai kamfanin yaɗa labarai da talla na Amurka, Cox Media Group, wanda shafin labarai na 404 Media ya fallasa a 2023 da 2024 yana tallata wa 'yan kasuwa wani tsari da ya kira “Active Listening”. Google ya cire shi daga jerin abokan hulɗarsa, Meta da Amazon suka nesanta kansu, shi kansa Cox ya ce ba ya sauraron hirar kowa. Ba a nuna tsarin yana aiki yadda aka zuzuta shi ba, amma ya nuna akwai masu sha'awar sayar da irin wannan.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne abin da ake tura wa mutane a shagon caji da ta Xender. GB WhatsApp da 'yan'uwansa ba daga Meta suke ba, ba a kuma san wanda ya taɓa su a hanya ba. Kamfanin tsaron na'ura na Kaspersky ya samu ƙwayar cutar waya mai suna Triada a FMWhatsApp a 2021. A 2023 ya samu wasu nau'o'in WhatsApp na jabu da ake yaɗawa ta Telegram, galibi tsakanin masu jin Larabci, ɗauke da shirin leƙen asiri mai kwashe lambobi da fayiloli, mai iya naɗar sauti ta makirfo. Mutum da hannunsa ya ba shi izinin, tunda yana son tura saƙon murya.

Wani lokacin ma daga kwali matsalar take fitowa. A 2020 masu binciken tsaron waya na Secure-D sun bayar da rahoton wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 da suka zo da ƙwayoyin Triada da xHelper a ciki, a ƙasashe irin su Habasha, Masar, Ghana da Kamaru, suna yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba suna cinye musu kuɗin kira da data. Transsion, kamfanin da ke ƙera Tecno, ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya. Wannan satar kuɗi ce, ba sauraro ba, amma darasin shi ne shirin da ya zo cikin tsarin waya yana iya tsallake katangar da ke tare manhajar da ka sauke. Kuma miliyoyin wayoyin da ke hannun jama'a ba su kai Android 12 ba, babu ɗigon da zai fito musu.

Baban Khalifa

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura na ukun: a aikace me mutum zai taɓa? Kuma akwai gwajin da za a iya yi a gida a kashe musun majalisa?

Injiniya Ɗanjuma

Mai Gyara ya yi gaskiya, musamman kan WhatsApp na jabu. Shi za a fara cirewa, a adana hirarraki tukuna domin ba kasafai suke komawa na asali kai tsaye ba, a sauke na gaskiya daga Play Store, a bar Play Protect, mai binciken miyagun manhajoji, a kunne.

Sunayen wurare suna ɗan bambanta tsakanin HiOS na Tecno, XOS na Infinix da Samsung, don haka a yi amfani da gurbin nema da ke saman Settings. Rubuta Permission manager, shiga Microphone. Za ka ga duk manhajar da ke da izini. Na kira, na saƙon murya da kyamara suna da dalili. Tocila, kalkuleta, wasan yara, manhajar bashi, mai “goge datti”, ba su da shi, a mayar da su Don't allow. Facebook, Instagram da TikTok a sa su Ask every time, wanda ya zo da Android 11. Illarsa kawai za a riƙa tambayarka duk lokacin da za ka ɗauki bidiyo. Kada a hana WhatsApp gaba ɗaya, in an yi haka za a kira ka ba a jin muryarka, ka ɗauka wayar ce ta lalace.

Mai Android 12 zuwa sama ya nemi Privacy dashboard. Yana nuna wace manhaja ta buɗe makirfo, da ƙarfe nawa, cikin awa 24 da suka wuce. A duba shi bayan hira mai tsawo. A iPhone sunansa App Privacy Report, sai an kunna shi yake fara lissafi, yana riƙe kwana 7. Abin lura: a watan Mayun 2023 an yi ta yaɗa hoton da ke nuna WhatsApp yana buɗe makirfo cikin dare, daga baya Google ya tabbatar kuskure ne a lissafin Android. Don haka in ka ga abu sau ɗaya, sake kunna wayar, sabunta ta, ka sake dubawa kafin ka yanke hukunci. Akwai kuma maɓallin Mic access da ake ƙarawa cikin maɓallan da ake janyowa daga sama, yana yanke makirfo ga dukkan manhajoji lokaci guda. Wannan ya fi kai waya wani ɗaki.

Wanda ba ya amfani da “Hey Google” ya kashe shi a saitin Google Assistant, ƙarƙashin Voice Match. Sannan ya shiga myactivity.google.com, a Web & App Activity ya cire alamar da ke kan ajiye murya da sauti, ya sa gogewa ta kai-tsaye bayan wata 3. Shafin nan da kansa yakan kashe musu, domin mutum zai ga binciken da ya manta ya yi, ko wanda yaro ya yi da wayarsa.

Sai lambar talla: Settings, Google, Ads, Delete advertising ID. Bayan haka manhajar da ta nema sifili kawai za ta samu. A iPhone, Privacy & Security, Tracking, a kashe Allow Apps to Request to Track. A Facebook ko Instagram a shiga Accounts Center, Your information and permissions, Your activity off Meta technologies. Nan za ka ga sunayen shafuka da manhajojin da suka kai rahotonka. A goge na baya, a yanke na gaba. Yana iya fitar da kai daga manhajojin da ka shiga da asusun Facebook, saboda haka ka tabbata kana da kalmar sirrinsu. A wurin kuma a kashe loda lambobin waya.

Gwajin gida yana yiwuwa, amma yawancin masu yi suna ɓata shi. A rubuta abubuwa 10 a takarda, da biro, waɗanda babu mai harka da su a gidan, misali injin ƙyanƙyasar ƙwai, keken guragu, tankin kifi. A naɗe takardun a zaɓi 5 da ƙuri'a. Waɗannan a riƙa hirarsu kusa da wayar minti 10 kullum har mako guda, sauran 5 kada a furta su. A ɗauki hoton duk tallar da ta shafi ɗaya daga cikin goman, a ƙirga a ƙarshe. In sauraro ake yi, rukunin farko zai yi wa na biyu fintinkau. Abin da ke lalata gwajin: zaɓar abin da dama ake tallarsa ga kowa, irin bashi, caca, data da sabuwar waya, zaɓar abin da lokacinsa ya zo, wani a gidan ya je ya bincika farashi don son sani, ko a tsaya ana kallon tallar farko da ta yi kama, wanda shi kansa saƙo ne ga dandalin cewa a ƙaro.

Maman Nawal

Ƙari kaɗan a kan na Injiniya. Duk tallar da ta ba ka mamaki, danna ɗigo ukun da ke kusurwarta ka zaɓi “Why am I seeing this ad”. Ba ya faɗin komai da komai, amma yakan nuna ko gari da shekaru aka bi, ko kuwa mai tallar ne ya loda jerin da lambarka take ciki. In na biyun ne, akwai wurin da za ka hana a yi amfani da jerin a kanka. A Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mutum damar ƙin a yi amfani da bayanansa don tallar kai-tsaye, ana kai ƙorafi hukumar kare bayanai ta NDPC. Hukumar kare masu saye ta FCCPC ma ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da ita a Afrilun 2025.

Kada a yi tsammanin talla za ta ragu bayan duk wannan gyara. Yawanta yana nan, dacewarta da kai ce za ta ragu, kuma abin da ka kalla a cikin Facebook ko TikTok kansu har yanzu ana lissafa shi. Tallar da ke shigowa ta saƙon tes kuwa hanyarta daban, daga kamfanin layi take: a tura STOP zuwa 2442 a kowane layi na Najeriya, a kuma yi wa kowane sim nasa daban in wayar mai sim biyu ce.